Lamba Tara

Ranar Talata, tara ga Maris, 1717, Allah ya karɓi ran Fasto Matthias Oldekop a garin Celle. Labarin bai iso ni a garin Lüneburg ba sai da aka binne shi.

Matthias, benci ɗaya muka zauna a makarantar Latin, kuma tun a can muka soma gardamar da ta ci mana shekara hamsin. Kai ka ce sarari yana nan ko babu komai a cikinsa, domin Allah ya cika shi, lokaci kuma yana gudana ko babu mai ƙirga shi. Ni na ce wuri ba komai ba ne illa yadda abubuwa suke jere da juna. A kwashe su, wurin ya tafi. Na taɓa yi maka ba'a cewa Allahnka maƙerin agogo ne da kullum sai ya dawo gyara. Ka yi dariya ka ce, "Tsohon banza, naka fa? Ya ƙera ya tafi, ko leƙowa ba ya yi."

Shekarar da matata ta rasu, kwana biyu ka yi a keken doki cikin ƙanƙara, ka zo ka zauna da ni mako guda. Ko sau ɗaya ba ka ta da gardama ba, ga shi na san tana cin ka.

Al'adarmu ce mu sa wa kowace magana lamba a wasiƙa, mai amsa ya bi su ɗaya bayan ɗaya. Wasiƙarka ta Janairu lamba tara gare ta. Takwas hujjoji ne. Ta tara layi ɗaya ce: "Hinrich, ka zo in gan ka." Na cika shafi goma sha ɗaya ina rusa takwas ɗin, na tsallake ta tara, don ban ga abin musu a cikinta ba.

Uwargidanka Ilsabe ta rubuto mini cewa ta karanta maka amsata kana kwance. Da ta kai ƙarshe ka ce, "Juya takardar, uwar 'ya'ya, wataƙila tana baya." Ta juya. Babu komai.

Tun ranar nan, duk ɗakin da na shiga sai in tarar da wurinka. An ɗauke ka, wurin bai tafi ba. Yana gefen murhu, yana coci, yana jira, ba ni da hujjar da zan kore shi da ita.

Ilsabe, da ke da 'ya'yanku Anna da Jobst, Allah ya ba ku haƙuri, ku yafe mini abin da ba zan iya roƙonsa ya yafe mini ba. Ubangiji ya jiƙan bawansa, ya gafarta masa, ya ba shi hutawa a wurin da babu gardama.

Ƙafafuna sun mutu, numfashina ya gajarta. Ga amsar lamba tara, Matthias: ina tafe.