Gwaggo Mai Sharar Ofishin Biza

Ranar Laraba, tara ga wannan wata, ina kan tsani ina gyaran na'urar sanyaya ɗaki a wani shago, matata ta bugo waya daga asibitin da take aikin jinya. Ta ce Allah ya yi miki rasuwa da hantsi, bayan kwanciyar kwana shida. Na sauko na zauna a kan akwatin kayan aiki, na daɗe ban tashi ba. Na Allah muke, Gwaggo, kuma kin riga mu komawa gare shi.

Shekara ashirin da uku kina sharar ofishin shige da fice na wannan ƙasa da neman abinci ya kawo mu. Ba ki da tebur, ba ki da hatimi, karatun boko ma bai wuce rubuta sunanki ba. Amma babu baƙon da ya haihu a nan cikinmu da bai bi ta hannunki ba.

Lokacin da aka haifa mana 'yar fari, mun ɗauka tunda a nan ta faɗo, 'yar nan ce. Sai da ta yi kwana arba'in da ɗaya wani abokin aiki ya tambaye ni ko na yi mata biza. Na yi dariya, na ce jaririyar da ba ta taɓa tsallake iyaka ba? Washegari jami'in taga ta biyu ya gaya mini kwana sittin doka ta ba mu, in suka wuce ba ta da izinin zama, sai an fita da ita. Ya miƙo mini fom, ya kira na baya.

Ina zaune a benci da fom a hannu, sai na ji tsumman goge ƙasa ya taɓa takalmina.

Kika ce da Hausa, "Ɗaga ƙafarka, ɗan nan. Haihuwa aka yi?"

Na ce, "Ta yaya kika sani, Gwaggo?"

"Ga tumbuɗi nan a kafaɗarka. Kwana nawa ya rage?"

Tsaye, riƙe da sandar tsumman, kika jera mini hanya. Takardar haihuwa tukuna, a fassara ta, a buga hatimi. Sannan ofishin jakadancinmu, a yi wa yarinya fasfo. Sannan wasiƙa daga wurin aiki. Kika ce in ɗora ta a kan izinin uwarta, don na asibiti ya fi na masu gyara tsawon wa'adi. Kika ce kada in kai komai kowace taga sai kin gani.

Da na kawo takardun, kika shimfiɗa su a kan murfin bokiti, kina bin haruffa da farce, fasfona a hagu, takardar haihuwa a dama. Ba karantawa kike ba, kamanni kike gwadawa. Sai kika tsaya.

"Nan wannan mai ƙugiya biyu ne, can guda ɗaya."

Harafi ɗaya ya faɗi daga sunana a rubutun asibiti. Da haka na miƙa, da an dawo da mu bayan mako biyu, kuma ba mu da mako biyun. Ranar hutunki kika raka mu ɗakin ajiyar takardu na asibitin, kika zauna kan kujerar roba har la'asar, sai da aka gyara.

Wurin mai hoto ma kin je. An ce sai idon jaririya a buɗe, fuska a miƙe, babu hannun kowa a ciki. Ita kuwa barcinta take. Kika kwantar da ita kan farin mayafinki, kina kaɗa mata makullai kina cewa, "Buɗe ido, Hajiya, hukuma na son ganinki." Saura kwana uku wa'adi ya cika aka manna mata biza.

Na kai miki turmin atamfa, kika ce in mayar wa mai jego. Sai bayan shekara biyu kika gaya wa matata dalilin wannan hidima taki, kuna ninke kayan wanki a ɗakinmu. Kin haifi ɗanki a nan, farkon zuwanki, babu wanda ya gaya miki akwai wa'adi. Yana wata huɗu kika kai shi gida wurin yayarki, kika dawo ke kaɗai, don da aikin da kike yi a nan ne za a ciyar da shi. Sau biyar kika gan shi tun daga nan. Kin ce yayarki yake kira Inna, ke kuma Anti, kuma bai yi laifi ba. Daga baya da aikin shara ya samu a ofishin da ya hana shi zama, kika karɓa, kika riƙa duba fuskar kowane baƙo a benci.

Da kika kwanta, mu da kika yi wa hidima muka haɗu muka cike wa ɗanki fom na bizar duba mara lafiya. Mun bi kowane harafi da farce yadda kika koya mana. Ba a dawo da takardar ba ko sau ɗaya, amma ya sauka kwana biyu bayan an kai ki makwancinki. Na kai shi ɗakinki. Ya tarar da hotunan fasfo na jarirai a jere jikin madubi, sun fi sittin. Ya tambaye ni su wane ne. Na ce ƙannensa ne.

Ya Allah, baiwarka ta zo maka baƙuwa kamar yadda ta rayu, ka karɓe ta da rahama. Ka yafe mata kurakuranta, ka yalwata kabarinta, ka haskaka shi, ka sa Aljanna ce makomarta.

Ina miƙa ta'aziyya ga ɗanki, da yayarki da ta raine shi, da abokan aikinki masu shara, da iyayen yaran nan duka. Allah ya ba mu haƙurin rashinki. In tamu ta zo, ya sa mu cika da imani.