Cigiyar Wutar Kukar Bawa

A Kukar Bawa, wani ƙauye da ke gefen hanyar Tasawa zuwa Mayahi, idan akuyarka ta ɓata ba ka zuwa wurin jandarma. Goro kake saye ka nufi gidan Ƙadri mai shela. Shi zai rataya lasifikarsa ya zaga gari daga bakin rijiya zuwa mahauta, yana faɗin kamannin akuyar har da tsagar da ke kunnenta, kafin la'asar sai ka ga wani ya jawo ta yana kame-kame. Aikin gado ne. Kakansa da tafin hannu ya yi shi, mahaifinsa da ƙahon sa, shi kuma ya zo a zamanin lasifika mai cin pil, wato batir, wadda maigari Abdulmumin ya saya ya danƙa masa.

In ka ga Ƙadri ba za ka ba shi komai ba. Gajere ne, siriri, gonarsa ma ba ta kai shi damina sai ya haɗa da saƙar zana. Amma murya kam Allah ya ba shi, kuma ya san ya ba shi, don har yanga yake yi da ita. Abu biyu mahaifinsa ya bar masa. Na farko, shela maganar maigari ce, ba ya ƙari ba ya ragi. Na biyu, cigiya ta kowa ce, duk wanda ya kawo goro ba a mayar da shi, ko jiya kuka yi faɗa. Garin ma yana da tasa al'adar. Da mai shela ya buɗe baki komai sai ya tsaya. Mai daka ta riƙe taɓarya, mai faskare ya aje gatari, makaɗi ya ɗora hannu kan ganga ko da tsakiyar biki ne. Ba wanda ya kafa wannan doka, haka aka taso aka tarar.

Wannan shirun shi ne dukiyar Ƙadri. Ba shi da shanu, ba shi da amalanke, amma yana da gari guda da ke yin tsit saboda shi. Kuma ya ci wannan girma da halalinsa, domin bai taɓa faɗin abu ya kasa faruwa ba. Ya ce masu rigakafi na tafe, sun zo. Ya ce an ga wata, an gani.

Sai shekarar da aka ce gwamnati za ta kai wutar lantarki ƙauyuka, wadda mutanen nan ke ce wa kuran. Wani ɗan kwangila ya zo da farar mota, ya zauna da maigari, aka kira Ƙadri. Ranar ya yi shelar da bai taɓa yin irinta ba don daɗi. Ya ce kuran na zuwa, kowane gida ya fito da namiji a yi gayyar haƙa ramukan turaku. Mutane suka bar sassabe suka fito. Aka haƙa, aka kafa turakun siminti a jere. Layin ya bi ta gonar wata tsohuwa mai suna Hamsatu, inda wani ƙaton gawo yake tsaye, wanda marigayi mijinta ya raina tun yana tsiro, kuma da 'ya'yansa take ciyar da awakinta da rani. Aka ce sai an sare shi. Ta ƙi, ta zauna a gindinsa. Ƙadri ne ya je ya durƙusa ya ce mata, “Inna, ni na hwaɗa da bakina. Kin taɓa jin na yi ƙarya?” Ta tashi ta ba su wuri.

Turaku suka tsaya, waya ba ta zo ba. Damina ta zo ta wuce, wata ta biyo ta, wata ma ta biyo. Hankaki suka samu wurin hutawa, mata suka samu wurin ɗaure tumaki, ɗan kwangila kuwa ko ƙurar motarsa. Samari suka laƙa wa Ƙadri suna Mai Kuran, in ya gifta sai wani ya ce ya taimaka ya kunna musu. Wannan duk ya shanye. Abin da ya kasa haɗiyewa shi ne ranar da ya fito shelar rabon iri, ya ɗaga lasifika, ya ji taɓarya ba ta tsaya ba. Aka ci gaba da daka kamar iska ce ke wucewa. Ya koma gida ya rataye lasifikar, ranar ko tuwo bai ci ba. Hamsatu ba ta taɓa ce masa uffan ba, sai dai in sun haɗu ta dube shi ta dubi kututturen gawon, kuma da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

A shekarun nan majalisar dokoki na zama a Yamai, kuma in depitoci, wato 'yan majalisar, suka kira minista don ya amsa tambayoyi, radiyo na kawo zaman, ana fassarawa da Hausa. Wata Asabar da hantsi maza na zaune a inuwar dogon yaro kusa da teburin mai shayi, aka ce yau ministan makamashi ne a gaban majalisa. Wata depite daga yankinsu ta tashi ta tambaye shi inda aikin wutar ƙauyuka ya kwana. Minista ya gyara murya ya shiga jero garuruwan da ya ce wuta ta kama a cikinsu. Can cikin jerin aka ji Kukar Bawa.

Sai aka fashe da dariya. Mai shayi har da riƙe ciki. “Ƙadri, ashe kuran naka ya zo tuni,” in ji shi. “Mu ne makahi ba mu gani ba.”

Ƙadri bai yi dariya ba. Ya kanga kunne ga radiyon, ya ji depiten ta ce ba ta yarda ba, aka yi ta ja-in-ja, daga ƙarshe majalisa ta yanke cewa za ta turo wakilai su gani da idonsu.

Kafin mako ya zagayo sai ga farar motar nan, bayan shekaru. Ashe ɗan kwangila yana da rai. Cikin gaggawa aka ja waya a kan turakun da ke tsakanin bakin hanya da dandali, aka rataya ƙwayayen wuta, aka ɓoye injin ba da wuta a bayan rumbunan maigari, aka lulluɓe shi da zana. Matsala ɗaya ce, injin yana da ƙara. Ɗan kwangila ya ce wannan mai sauƙi ne, a kawo makaɗa su yi ta kiɗa tun saukar baƙi har tafiyarsu.

Maigari ya kira Ƙadri zaure. Tare aka yi musu kaciya, tare suka yi kiwo, amma ranar maigari ya kasa haɗa ido da shi.

“Ka hwaɗa ma gari kowa shi hito tarbar baƙi,” in ji maigari. “Kada kowa shi bi ta bayan rumbuna. Wanda anka tambaya shi ce kuran ya zo, mun gode.”

“Ranka shi daɗe, ya zo?”

“Mutumen ga ya rantse min bayan sun tahi za shi ƙarasa aikin. In munka kunyata shi, shi ke nan, har abada.”

“Wancan karon ma ya rantse.”

“Ƙadri, shela tawa ce ko taka?”

“Taka ce, ranka shi daɗe.”

Ya fita ya yi shelar, bai ƙara ba bai rage ba, yana jin kalmomin kamar tsakuwa a bakinsa. Ba taɓaryar da ta tsaya.

Da safen ranar da baƙi za su zo, yana alwala a ƙofar gida, sai ga Hamsatu tana dogara sanda. Ta kwance bakin zanenta ta fito da jan goro guda ta miƙa masa.

“Cigiya nika so,” ta ce.

“Mi ya ɓace, Inna?”

“An sare min gawo an ce a ba ni wuta. Radiyo ta ce an ba ni. Ni ban gan ta ba. Ke nan ɓata ta yi a hanya. Ka yi min cigiyarta.”

Ƙadri ya dubi goron. Ya san sarai abin da ke cikinsa, ya san in ya karɓa, lasifika ta bar wuyansa. Ya kuma san tunda aka fara shela a gidansu ba a taɓa mayar da goron cigiya ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Ya karɓa ya jefa aljihu.

Da rana tsaka motoci suka iso. Dandali ya cika, ganguna na tashi har ƙasa na rawa, ƙwayayen wuta na ci a sama suna gasa da ranar Allah. Depitoci suka sauko, cikinsu har da matar da ta yi tambaya a radiyo. Ɗan kwangila na gaba yana nuna ƙwayayen da hannu biyu, baki har kunne.

Ƙadri ya ratsa taro ya tsaya a tsakiya. Gaskiya ce, tsoro yake ji. Ya ɗaga lasifika.

“Jama'a ana gaishe ku. Cigiya, cigiya.”

Babban makaɗin garin tsoho ne, sa'an mahaifin Ƙadri. Shela kam, ya daina tsaya mata kamar kowa, amma cigiya a tsakiyar taro, gaban baƙi, hannunsa da kansa ya sauka kan fatar ganga. Sauran suka bi shi. Ɗan kwangila, wanda ba ɗan garin ba ne, ya shiga yi musu alama da hannu su ci gaba, ba wanda ya ko dube shi. Gari ya yi tsit irin na da. Cikin shirun nan sai ga ƙarar inji daga bayan rumbuna, tana bugawa a fili, kowa na ji.

“Hamsatu matar marigayi Misbahu tana cigiyar wutarta,” in ji Ƙadri, muryarsa na kaiwa har bakin rijiya. “An ce an aiko ta daga Yamai shekarun baya, ba ta iso ba. Kamanninta, ba mu sani ba, ba mu taɓa ganinta ba. Alamarta, kututturen gawo da turaku babu waya. Wanda ya tsinta, ko ya san wanda ya tsinta, don Allah shi maido.”

Depiten ta juya wajen rumbuna. Ta tattara mayafinta ta bi ƙarar, taro ya bi bayanta, ta ɗaga zanar da hannunta.

Da yamma maigari ya aiko aka karɓi lasifika, aka ba wani ɗan ƙanensa. An ce an sake kiran minista gaban majalisa, an ce an yi zafi, an ce za a bincika. Ƙadri ya daina kanga kunne ga an ce. Washegarin zuwan baƙi aka kwance wayar, aka kwashe ƙwayayen, hankaki suka koma wurinsu.

Ranar kasuwa wata mata ta ɓatar da tunkiya. Ta wuce ƙofar mai sabuwar lasifika ta kawo goronta gidan Ƙadri. Ya ce mata ba shi da abin magana yanzu. Ta ce ita ba lasifika ta kawo wa goro ba. Ya fita, ya haɗa tafin hannunsa biyu a baki kamar yadda kakansa ke yi, ya ja numfashi. Daga gidan farko har na ƙarshe taɓarya ta tsaya.

Ya faɗi kamannin tunkiyar, fara mai baƙin wuya. Da ya gama bai sauke hannu ba, ya ƙara da cigiyar wutar Hamsatu. An ga tunkiya kafin la'asar. Wutar kuwa har yau ba a gan ta ba, Hamsatu ma ta riga mu gidan gaskiya. Amma a gidan su Ƙadri ba a sauke cigiya sai an ga abin da ya ɓata, kuma ya riga ya ci goron. Duk cigiyar da zai yi a Kukar Bawa, ta akuya ce ko ta jaki, da wutar nan yake rufewa, kuma gari na tsayawa ya saurara har ya kai ƙarshe.