Jiragen Fiton Maƙwabcina

Shekara da shekaru ina zaune a Levenshulme, wata unguwa a ƙasar Turawa, bango ɗaya tsakanina da wani tsohon Bature wanda ba shi da aiki sai tara katunan gidan waya masu hoton jiragen fito. 'Yan ƙananan jirage masu hayaƙi, irin waɗanda suke tsallakar da mutane daga gaɓar teku zuwa tsibirai tun zamanin kakansa. Ni kuwa wankin bas nake yi. In dawo baya na ciwo, ya tare ni a ƙofa: "Zo ka ga wannan."

Sai in je, don a haife ya haife ni. Ya ba ni shayi kamar ruwan wanke-wanke, ya fara. Wannan tumaki yake ɗauka da wasiƙu. Wannan har gawa ake tsallakarwa a cikinsa. Wannan kuwa da aka gina gada, sai aka sayar da ƙarfensa. Kowane jirgi da sunansa, sai ka ce ɗan gata. Babana ya yi fito a Binuwai har gada ta zo ta raba shi da abincinsa, ko kare bai ɗauki hoton kwalekwalensa ba. Na faɗa wa tsohon haka. Ya ce, "Abin tausayi," ya zaro wani katin.

Da ciwo ya kwantar da tsohon, ya riƙe hannuna ya ce kada in bari a zubar da katunan. Na ce to. Me ake ce wa mai mutuwa?

Da ya rasu, ɗansa ya zo daga Birmingham, ɗan da ban taɓa ganin ƙeyarsa ba. Matata ta dafa shinkafa kula guda, muka sa kayan coci, muka shiga zaman makoki yadda aka koya mana a gida. Muka tarar da mai makokin sanye da safar hannu, yana jidar kayan ubansa zuwa wani ƙaton akwatin shara da ya ɗauko haya, an girke a bakin titi.

Muka zauna, muka ce Allah ya ba da haƙuri. Ya dubi kular, ya dubi agogo.

"Akwai abin da kuke buƙata?"

"Zama muka zo taya ka," in ji matata.

"Kujerar da kuke kai zan fitar yanzu."

Ta raɗa min, "Baban yara, tashi mu tafi kafin ya haɗa da mu."

Ban tashi ba. Ga katunan can bakin ƙofa a kwalayen takalma, su ne na gaba. A wurinmu wanda ya buɗe baki ya roƙi kayan mamaci a gidan makoki, har jikokinsa sai an yi musu gori. Amma na riga na ce to. Na haɗiye kunya, na nuna kwalayen.

Fuskarsa ta washe. "Ai da ka faɗa tun ɗazu! Ba sai kun wahalar da kanku da girki ba."

Wato a ganinsa shinkafar makoki cinikin katuna ce. Matata ba ta yi min magana ba har Lahadi.

Kwalayen suna kan sif ɗinmu yanzu, inda jakar matata take a da. 'Ya'yana ko kallonsu ba sa yi. Ni da ban taɓa hawa ko ɗaya daga jiragen nan ba, ni ne magajinsu, har na fara duba maƙwabta ko akwai wani sakarai mai kunya da zan riƙe wa hannu.