Dattijon da Ke Lallashin Mota a Hawan Tsauni

Tun da motar ta fara gurnani a tsakiyar hawa gaban saurayin ke faɗuwa: ga takardun digiri a cinya, ga ganawar neman aiki ƙarfe goma. Direban dattijo ne siriri mai farin gemu. Motar mai canza giya da kanta ce, amma a nan sama numfashinta ya gaza, ta ƙi canzawa. Ƙafarsa ta hagu sai laluben kuloci take inda babu shi; da gani tsofaffin motoci ya saba ja.

"Baba, za mu kai kuwa?"

"Yi shiru, ɗana, tana jin ka." Ya shafa sitiyari, ya ce wa motar: "Haba Hajiya, saura kaɗan." Ya cire hularsa ya miƙa wa saurayin, wai a rage mata nauyi.

Sai ƙarfe sha ɗaya suka isa. An karɓi takardun, har yau ba a kira shi ba.