Tulun Da Na Binne a Gonar Banga

Da ana mayar da rana baya, da na goge ranar da na hau babur zuwa Galadi da sabon tulu ɗaure a bayana. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Uwar ɗana ma har ta rasu ba ta sani ba.

Ɗa namiji guda Allah ya bar mini. Ni firamare kawai na gama na kama ɗinki a Ƙaura Namoda, shi kuwa ya yi karatu mai zurfi, har ya samu gurbi a makarantar koyon tuƙin jirgin sama. Mutane suna zuwa taya ni murna, ni kuma tsoron abin nake ji.

Duk Juma'a yakan kira ni ya ba ni labari. Wai suna karanta halin iska da gajimare, suna shiga wani akwati a ɗaki mai kwaikwayon jirgi, daga baya suka fara tashi da malami a gefe. Wata Juma'a ya ce, "Baba, ran Talata zan tashi ni kaɗai."

Na ce, "Kai kaɗai? In jiri ya ɗebe ka wa zai riƙa maka?"

Ya yi dariya. "Baba, kai da ko tsani ba ka hawa, ai dole ka ce haka."

Ran Lahadi na tafi Galadi wurin wani tsoho mai yin kiranye, wato aikin da ake yi don a jawo wanda ya yi nisa ya dawo gida. Ya dube ni ya ce, "Ɗan naka ɓacewa ya yi?" Na ce a'a. "Ya yanke zumunci?" Na ce a'a.

"To wanga aiki na ɓatattu ne. Wanda bai ɓace ba, in an kira shi, ba duka yake dawowa ba."

Na nace. Ya sa na zuba ƙasar bakin ƙofar ɗakin yaron cikin tulun, na kafa bakina na kira sunansa sau uku, ya yi maza ya liƙe bakin da laka. Da rana tsaka ne, amma tulun ya yi sanyi a hannuna. Na kai shi gonarmu ta Banga na binne a gindin gawo.

Ran Talata ya tashi da jirgin lafiya. An umarce shi ya kewaya filin kawai ya sauka. Yana sama sai ya ji muryata a cikin abin da suke sawa a kunne, ina kiransa sau uku. Ya juya kan jirgin ya nufo gida. Masu kula da shi daga ƙasa suka yi ta magana, ya daɗe kafin ya amsa musu. Allah ya sa ya sauka lafiya. Da likita ya tambaye shi bai ɓoye ba, kuma wanda ke jin muryar da wasu ba su ji, ba a ba shi jirgi da mutane ciki. Suka sallame shi.

Ya dawo da damina. Yana ci, yana salla, yana taya ni ɗinki. Sai dai wani lokaci yakan tsayar da keke ya ɗago kai ya ce, "Na'am, Baba?" alhali ban buɗe baki ba.

Bayan shekara biyu makarantar ta aiko cewa zai iya zuwa a sake gwada shi. Ya shiga mota da murna. Ba su bar gari sosai ba ya ce a tsaya, ana kiransa. Da ƙafa ya dawo.

Washegari na ɗauki fartanya na tafi Banga. Na tarar mai noma mana gonar ya sare gawon, garmar shanu ta bi ta wurin. Kwana uku ina tono ban ga ko tsingaro ba. Na koma Galadi, aka ce tsohon ya rasu. Ranar gwajin ta zo ta wuce yana zaune gabana yana sa maɓalli. Yanzu ko gonar ba ta zuwuwa saboda halin da daji yake ciki.

Ina roƙon duk uban da ya karanta wannan, in ɗanka ya kama hanyar da ke ba ka tsoro, ka yi masa addu'a ka ƙyale shi ya tafi. Don Allah kada wani ya yi abin da na yi.