Gafakar da ta tone ni

Jiya warin ƙonanniyar taya ya buge ni a tashar Isa, sai gabana ya faɗi kamar Kawu na tsaye bayana, alhali ya daɗe a ƙasa. Shi kamfanonin inshora kan ɗauka ya binciko masu ƙaryar asara. Ni da na tsaya aji uku, na ɗauka na fi shi wayo.

Wata shekara tsohuwar motata ta kaya ta ishe ni, na kai ta hanyar Burkusuma na cinna mata wuta. Na rubuta wa inshora cewa gobara ce, da ƙyar na fita da rigata. Sai aka turo Kawu.

Bai ko kalli toka ba. Ya zauna zaurena yana kurɓar fura a hankali, idonsa na kan bango.

"Ɗana, waccan ba gafakar da ke rataye cikin motarka ba ce?"

Ita ce. Na kasa barin Alƙur'ani ya ƙone, na ɗauke shi tun da safe. Na hango kaina gidan yari.

"Wuta mai ladabi," in ji shi. "Za ni masallaci. In na dawo ba ka rubuta ka janye neman diyya ba, za ni rubuta tawa takardar."

Kafin ya sallame na gama.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya sauƙaƙa mai tambayar kabari. Ni ma Ya sauƙaƙa man, don in haka suke tambaya, na shiga uku.