Fatar da Na Kai wa Ubale Baduku

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Talata, 12 ga Agusta, 1958, Allah ya karɓi ran Ubale baduku na Kiru, bayan jinyar kwana biyar. Ina Doguwa wajen aiki labarin ya same ni, har aka kai shi makwancinsa ban iso ba.

Baba Ubale, ni ne Zailani, malamin dabbobi, wanda kake wa tsiya wai na hau dokin da ba ya cin harawa. Ka tuna shekarar da aka ba ni babur don kai allurar bushiya, cutar shanu, rugagen Falgore. Robobin da ke tsakanin jakunkunan magani da ƙarfen babur da suke rataye a kai rana ta cinye su, suka zube ɗaya bayan ɗaya. Da na shiga hanyar daji, sai ƙarfe ya yi ta dukan jaka. Tafiya guda kwalaben magani tara suka fashe, na isa ruga hannu wofi, kuma kafin in sake komawa an yi asarar maruƙa. Na nemi sababbin robobi a ofis, aka ce sai jirgi ya kawo daga Turai. Na gwada tsumma, na gwada igiya, duk a banza.

Kai ne ka tsuguna ka daɗe kana duban ƙarfen nan. Ka yanko ɗanyar fata ka jiƙa, ka cusa mata audugar rimi, ka naɗe ƙarfen, kana riƙe da bakin tsirkiyar fatar da haƙoranka kana ja. Da ta bushe ta kama gam. Tun daga ranar kwalba ko ɗaya ba ta ƙara fashe mini ba. Duk damina sai ka sabunta, kana faɗan wai ba na shafa mata mai. Shanun da suka tsira saboda ɗinkin nan ba su ƙirguwa, masu su kuwa ba su ma san sunanka ba.

Yanzu ga abin da ya hana ni sakewa. A watan jiya ka ce mini, "Malam, in ka samu fata mai kauri a ruga, ka taho mini da ita." Buba, wani makiyayi, ya ba ni ta bijiminsa kyauta. Na karɓa ina murna, ban tambayi abin da ya kashe bijimin ba, ni da aikina ke nan. Ka jiƙa ta, ka sa haƙori kamar kullum. Da aka kwatanta mini baƙin marurun da ya fito maka a leɓe, da yadda wuyanka ya kumbura, ban bukaci a faɗa mini sunan cutar ba. Ciwon saifa ne, wanda mutum kan ɗauka daga fatar dabbar da ya kashe. Na koma wurin Buba, ya ce bijimin faɗuwa ya yi farat ɗaya, jini na fita ta hanci.

Na san ajali ba ya wuce lokacinsa. Amma da hannuna na miƙa maka, kuma ina jin nauyin haka ƙwarai.

Allah ya jiƙanka, ya yafe maka, ya haskaka kabarinka, ya sa Aljanna ce makomarka. Ina miƙa ta'aziyyata ga 'ya'yanka da dukawan Kiru baki ɗaya, Allah ya ba su haƙuri. Ke kuma Inna Tasalla, matarsa, ran sadakar bakwai na zauna a zaurenku, kika aiko mini da fura kina sa mini albarka, na sha ban faɗa miki gaskiya ba. Gobe ina tafe in faɗa miki. Duk abin da kika ce, na karɓa.